Ruwa a Kan Ɗakin Mai Takaba

Gaya, watan Yuni, 1957

Zuwa ga ɗana Yakuba, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zalika da yara, Ya tsare ku daga zazzaɓin farkon damina, Ya ba ka haƙurin aiki da haƙurin waɗanda kake yi wa aikin. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Yaya Yusufu, Ya haskaka makwancinsa, mu kuma Ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo. Mu a nan lafiya gwargwado. Ƙanwarka Aisata ta koma ƙauyen Bana wurin mijinta bayan sadakar arba'in, cikinta ya tsufa, ana sa ran saukarta kafin layya. Matata Ajuma tana nan da gwiwoyinta, ta shafa man da ka aiko har ya ƙare, ta ce ya yi ƙamshi amma bai yi magani ba. An yi ruwan shuka, gero ya tsira ta wajen fadama, kogin Kwara bai fara cika ba tukuna. Ni ma ba abin da ke damuna a jiki sai ido, shi ya sa za ka ga rubutun yana hawa yana sauka. Da Hausa na rubuto maka, don Faransancina na baro shi a bariki tun ranar da aka ce an gode mini, aka miƙo mini lambar tagulla, aka nuna mini ƙofa.

Kada ka ajiye takardar nan ka ce sai ka taso daga biro, wurin aikinka. Maganar innarka ce, Yaya Yalwa, da ɗakin mahaifinka da take kwana a ciki. Ina jin tsoro ɗakin zai faɗa mata a ka kafin daminar nan ta yi nisa, kuma ta ƙi fita.

Ka san yadda aka fara, amma bari in maimaita, don kai a kan takarda ka ga aikin, ni kuwa a kansa na tsaya. Bara da kaka, da ƙafafun mahaifinka suka daina kai shi makewayin ƙarshen gida, ka ce za ka yi masa ɗakin wanka irin na gidajen bariki a jikin ɗakinsa, ya buɗe ƙofa kawai ya shiga. Niyya ce ta ɗa nagari, ban taɓa cewa ba haka ba ne. Sai ka kafa sharaɗi, kana nanata shi a kowace takarda, cewa kada a taɓa fuskar gidan. Zauren da kakanka Dodo ya gina ya tsaya yadda yake, da zanen da ke saman ƙofa, da rawanin soro, da indararon giginya. Wanda ya biyo ta lungu kada ya hango ƙarfe ko siminti, kada kuma ya ga ruwan sabulu yana fitowa ta wuriya yana ɓata gindin bango. Ka ce ka ga yadda ake rushe tsofaffin gidaje a Yamai ana dasa akwatunan kwano a gurbinsu, ba ka son namu ya bi su. Har ga Allah na ji daɗin maganar nan da na karanta ta. Na ce ashe cikin ƴan lakwal, ƴan bokon Nasara, akwai wanda bai ji kunyar ƙasar da aka haife shi a kanta ba.

Siminti ya iso daga Kwatano, Siddo direba ya ɗauko shi a kamiyo, babbar motarsa ta kaya, daga Paraku, aka haye da shi kogi. Maso ɗin nan, maginin siminti ɗan Dahome da ka turo, ya yi abin da zanenka ya ce, bai ƙara ba bai rage ba. Ya fasa ƙofa a bangon yamma na ɗakin mahaifinka, ya gina ɗan ɗaki a jikinsa, ya shafe ƙasa da siminti, ya shafe bango har tsayin mutum, har da bayan bangon da ɗakunan biyu suka haɗa. Da aka zo maganar inda za a ajiye ruwa yadda ba za a gan shi daga waje ba, babu wurin ɓoyo sai kan soron mahaifinka, bayan rawani. Nan aka zuba faifan siminti, aka ɗora tano biyu, manyan gangunan ruwa na ƙarfe, aka jawo tiyo zuwa wani ƙarfe mai huji-huji kamar rariya. Da aka zo maganar inda ruwan wanka zai tafi tunda an hana shi lungu, sai aka haƙa masa rami a cikin gida, dab da gindin bangon nan, aka cika shi da duwatsu aka rufe. Duk abin da ka ce a ɓoye an ɓoye shi, ɗana. Ruwa a sama a ɓoye, ruwa a ƙasa a ɓoye, bangon tubali yana tsakani. Daga lungu kuwa gidan kakanka yana nan kamar ranar da aka gama shi, baƙi har tsayawa suke suna kallo.

Mahaifinka bai mori ɗakin ba sai kaɗan. Da ya cika a tsakiyar azumi, a kan simintin nan muka yi masa wanka na ƙarshe. Ka zo sadakar bakwai cikin zafin bazara, komai a bushe, ka zagaya ka ga ba abin da ya motsa, ka koma da sanyin zuciya. Tun daga ranar ruwa bai huta ba a gidan nan. Duk macen da ta zo gaisuwar mutuwa, daga Zabori ko daga Kamba, innarka sai ta sa a kai ta ta ga ruwan saman da mutumin Yamai ya kawo cikin ɗaki. Ka san haka take kiranka, tunda kai ne ɗan fari ba ta ambaton sunanka. Wadda ta gani sai ta ce bari ta gwada, wadda ta gwada gobe sai ta dawo da ƴaƴanta da na maƙwabta. Ƴan ga-ruwa suna hawa tsani da garwa safe da yamma suna juyewa cikin tano. Ita kanta ba ta cika shiga ba, mai takaba ba kullum take wanka ba, amma tana zaune a kan tabarmarta tana jin ruwa yana zuba ta bayan bango, yara suna ihu, ta ce shi ke ɗebe mata kewa. Tsohon makewayinmu ba shi da rufi, kafin rana ta take tsaka ta shanye duk abin da aka zubar. Wannan kuwa rana ba ta taɓa leƙa shi ba.

Warin danshi na fara ji, ranar da na tsaya bakin ƙofa ina gaishe ta. Daga baya na ga wani farin abu kamar kanwa ya feso a gindin bango ta cikin ɗaki. Daɓen da ke wurin ya yi laushi, ƙafar gadon mahaifinka ta nutse a ciki. Gara ta zo, gidan da ba mu taɓa sanin gara a cikinsa ba. Ƙofar ɗakin wanka ta daina rufuwa sai an ɗaga ta. Rannan da matan suka watse na shiga, na ƙwanƙwasa simintin bangon, na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Wani ɓangare ya ɓalle a hannuna, na sa sandata a ƙasar da ke bayansa, ta shige kamar a cikin tuwon da bai huce ba. Simintin yana nan fes kamar farar riga, bangon da ke ƙarƙashinsa ya ruɓe. Sannan na ɗaga kai na dubi azara ta cikin ɗakin innarka. Azarar giginya ce da kakanka ya sara da hannunsa, ta riƙe ƙasar soro tun kafin a haife ni, amma ba a yi ta don ɗaukar siminti da tano biyu cike da ruwa ba. Ta tsakiya ta lanƙwaso kamar bayan tsohon jaki, kuma bakinta na yamma a kan ruɓaɓɓen bangon nan yake zaune. Akwai tsaga daga can sama, da farko allura ce za ta shiga, yanzu yatsana yana shiga.

Na gaya mata, Yakuba, na gaya mata tun ranar farko. Amma ka san abin da ke tsakanina da innarka. Ni ƙanen miji ne. Tun da aka kawo ta gidan nan amarya, ina yaro da gajeren wandon lakwal, ban taɓa gaya mata magana ta gaskiya ba, ita ma haka. Na sha ce mata akwai kunama a ƙwaryarta, na sha ce mata kumandan na bariki ya aiko a kai masa ita, ita kuma ta sha cika mini fura da barkono. Wasa ne da muka gada, kowa ya san shi, mahaifinka ma dariya yake yi. Yanzu da na zo mata da fuska a ɗaure na ce ɗaki zai faɗi, ta tashi ta koma ɗakin Aisata da ke fanko, ko ta zo wurin Ajuma, sai ta ja mayafi ta rufe baki, na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take, karo na farko tun mutuwar. Ta ce, "Tafinta, yayanka bai gama gyara kwanciya ba har ka fara yi mini shimfiɗa a gidanka? Da wane haƙorin za ka ci tuwona?" Tsofaffin da ke zaune da ita suka kwashe, ɗaya ta ce a ba ni haƙuri in jira a fita takaba, ba mai riga ni. Na rantse da Allah, suka ce ai daman rantsuwar ƙanen miji ba a yi mata kaffara. Na fito na bar su suna dariya.

Da ta ga na dage kwana da kwanaki, sai ta bar dariya ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce mai takaba ba ta sauya makwanci. Inda mijinta ya cika nan za ta kwana har ta fita, haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma wadda ta gudu daga ɗakin ta bar mamacin ba natsuwa. Takabarta kuwa ba za ta ƙare ba sai bayan cika-ciki, a tsakiyar malka, lokacin da ko lafiyayyen soro sai an kwana ana dubansa. Na kawo liman har bakin ƙofa, ya gaya mata cewa shari'a ta yarda mai takaba ta tashi idan ana tsoron rushewar gini, kuma ɗakin Aisata ai cikin gidan mijinta yake. Ta saurare shi da ladabi, ta yi godiya, ta ce ta tuna lokacin da mahaifiyarsa ta yi nata zaman, ɗaki yana yoyo aka tara mata ƙore, ba ta motsa ba. Liman ya sa takalmansa ya tafi. Na hana ƴan ga-ruwa hawa, ta aika aka kira wasu. Ta ce gidan ba nawa ba ne, na mutumin Yamai ne, aikin kuma nasa ne, a ciki aka wanke mijinta, duk wanda ya sa hannu ya ɓata shi ba ta yafe ba duniya da lahira. Na yi tunanin in buɗe famfo in bar tano su tsiyaye, sai na tuna inda ruwan zai tafi, cikin ramin nan na gindin bango. Na kawo dirka na tokare azarar tsakiya, wannan kam ta bari, ta rataye mayafinta a jiki. Amma dirkar a kan daɓe mai laushi take tsaye, kullum ina ganin tana ƙara nutsewa.

Na nemi magina. Namu na gari sun duba, suka ce su ƙasa suka sani, ba su san yadda ake raba ta da siminti ba tare da komai ya biyo ba, kuma ba mai taka soron nan da nauyinsa. Maso ɗin ya tafi aikin gadar da ake yi a kogi, na aika masa, ya ce shi siminti ya sani, simintinsa kuma bai fashe ba. Kowa da gaskiyarsa. Har bariki na je, inda na rantse ba zan ƙara takawa ba, in ga ko akwai wani masanin gini da zai zo ya duba. Aka zaunar da ni a kan bencin da na shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa da farar riga. Wani yaro komi, magatakardan bariki, wanda ubansa ya sha rusunawa yana roƙona in shigar da shi wurin kumandan, ya ce in rubuto buƙatata a takarda, za a duba idan hayaniyar zaɓe da jam'iyyu ta lafa. Har ya gyara mini Faransanci. An ɗauke mu muna yara an kai mu lakwal a Damagaram ba da son iyayenmu ba, aka koya mana cewa gidan ƙasa gidan cuta ne, aka koya mana nauyin ruwa da yadda yake hawa cikin bango kamar kananzir cikin lagwani. Abin da na karanta ya isa ya hana ni barci, bai isa ya riƙe bango ɗaya ba. Yanzu ana cewa Nasara sun kusa tafiya, ƙasa za ta dawo hannunku. Allah Ya sa alheri. Ni dai na ga abin da na samu a wancan zamani, ban kuma sa rai da wannan ba.

To ga abin da ya faru ranar Alhamis da ta wuce, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, da iska mai ɗauke rufin rumfuna. Na fito da gudu irin na tsofaffi, Ajuma tana bina tana kira. Na tarar matan da ke taya ta zama duk sun watse sun tafi kwashe shanya, innarka ita kaɗai a kan tabarma tana jan carbi. Na tsaya bakin ƙofa cikin ruwa ina roƙonta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Sai na ji wata ƙara daga sama, kamar mutum ya taka busasshen karan dawa, ƙasa ta zubo cikin ƙwaryar furar da ke gabanta. Ta sa hannu ta janye ƙwaryar gefe, ta ci gaba da carbinta. Ban san lokacin da na tuɓe takalma ba. Na shiga ɗakin, na zauna a ƙasa a tsakiyarsa, daidai ƙarƙashin azarar da ta lanƙwaso. Ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tambaye ni ko na haukace ne, namiji da aure bai haramta tsakaninsu ba ya shigo ɗakin mai takaba ya zauna. Na ce, "Yaya Yalwa, ba wasa nake ba yau. Ba zan fita ba sai kin fita. In kin zauna mu biyu muke zaune, kuma gari zai ji." Ta dube ni ta cikin mayafi. Sannan ta ɗauki carbinta da ƴar wuƙar nan da masu takaba ke riƙewa, ta ratsa ruwa ta shige madafa.

Ni kuwa ba dama in biyo ta, don na san ina fita za ta dawo. Na zauna ni kaɗai har ruwan ya ɗauke. Ɗana, na yi shekaru ina cewa na gaji da duniya, duk wanda ya zauna da ni a ƙofar masallaci ya ji ni ina faɗa. Ranar na gane ƙarya nake yi wa kaina. Ruwa yana dukan tano a sama kamar ganga, azara tana ƙara, ƙasa tana zubo mini a wuya kaɗan-kaɗan, tsagar bango ta yi duhu don jiƙa. Na ɗauko surorin da na haddace tun ina yaro, suka sarƙe mini, in fara wannan in ƙare da waccan. Ina tunanin shin mutum yana jin nauyin ne ko numfashi ke fara tafiya. Da gari ya washe, Ajuma da gwiwoyinta masu ciwo ta shigo ta ɗaga ni. Ban ci abinci ba ranar.

Tun daga nan haka muke yi. Duk lokacin da hadari ya haɗu da rana, in taho in shiga in zauna, ita ta fita madafa. Ba ta ƙara yi mini magana ba. Ko Tafinta ba ta ƙara kirana ba, in na yi sallama sai ta juya wa ƙofa baya, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da yadda na zata. Gari kuwa ya ji. A masallaci wanda ke kusa da ni a sahu sai ya ɗan matsa. Mai goron bakin kasuwa ya tambaye ni a gaban mutane ko in ajiye masa odar goron ɗaurin aure tun yanzu, tunda ga alama ba zan iya jiran malka ba. Na ji an ce ƴan'uwanta na Zabori suna shirin zuwa su ji ba'asi. Su zo, ina ma su zo, wataƙila su ɗauke ta. Sunana bai dame ni ba, an daɗe da gama da shi. Abin da ya dame ni shi ne dabarar nan ta rana ce kawai. Ba zan shiga ɗakinta da dare ba, don wannan tabo ne da zai zauna a kanta da kan ku ƴaƴanta, ba wanda zai iya wanke shi. Kuma kai ɗan Gaya ne, ka san manyan ruwayenmu da dare suka fi zuwa. Ajuma ta ce za ta riƙa kwana da ita don ta ja ta waje in abu ya taso, na hana. Ba zan iya sa biyu a ƙarƙashin abin da nake tsoron ya kashe ɗaya ba, kuma wadda ba ta iya tashi daga tabarma sai da dafa bango wa za ta ja.

Don haka ka zo. Kada ka aiko takarda. In ka aiko ni zan karanta mata, kuma ta riga ta faɗa tun tuni cewa abin da tafinta ya karanta rabi na mai takarda ne rabi nasa. Na ce a kira mushen lakwal, malamin yara, ya karanta, ta ce mu duka bakinmu ɗaya. Kada ka aiko saƙon baka ta wurin Siddo, za ta ce ni na tsara masa. Mutum ɗaya ne a duniya zai ce mata aikin nan ya ɓaci ta yarda, shi ne mai aikin. Na san abin da nake nema a wurinka ba ƙarami ba ne. Tun da aka haife ka ba ta taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, kakarka ce ta goye ka. Ba ku taɓa zama kun yi magana ido da ido ba. In ka zo gida a tsakar gida kake durƙusawa ka gaishe ta, ta amsa tana duban wani wuri, abin da take son gaya maka ta gaya wa Aisata kana ji. Haka aka san ɗan fari da uwarsa, ban ce ba daidai ba ne. Amma wannan karon ka wuce tsakar gida. Ka shiga har kan tabarmarta, ka ce mata da bakinka kai ka sa aka ɗora ruwa a kan ɗakin, ka ga ya cuci bango, kana roƙonta ta koma ɗakin Aisata ta ƙarasa takabarta a can. Za ta rufe fuska, za ta ce wa ya aiko wannan yaron. Ka sake faɗa. Ina jin kunyarka za ta fitar da ita inda tsoron mutuwa ya kasa.

Ban ce a rushe abin da ka gina don ƙiyayya ba, kada ka ɗauka haka. In ta fita, sai a kwashe ruwan tano da garwa ta kan tsani a zubar a lungu, ko da lungun zai ɓaci kwana biyu, a ɗaure famfo, a tokare abin da za a iya tokarewa, a bar sauran ga Allah har kaka. In soron ya tsira, da rani sai a ɓanɓare simintin bangon ya sha iska, a yi sabon yaɓe. Ɗakin wankan kuma in kana sonsa a mai da shi can ƙarshen gida inda tsohon makewayi yake, tano su hau nasu ginshiƙin, a dasa zogale ko a ja zana a gabansu in ba ka son a gani. In kuwa soron bai tsira ba, ya faɗi ba kowa a ciki, mu yi kukan gini. Kakanka da ya gina shi zai fahimta.

Siddo zai tashi gobe da lodin doya, shi zai kawo maka takardar nan hannu da hannu, ya ce zai juyo da zarar ya sauke kaya. Ka biyo shi. In shugabanka ya ba ka izini to, in ya hana ka taho haka nan, aikin Nasara na yi shi kafin kai, na san abin da ake samu a ƙarshensa. Ka gaida Zalika ƙwarai, ka ce mata ta yi haƙuri da ɗauke mata miji ba shiri. Ka shafa mini kan Mariama da Saratu, ka ce Ajuma ta ajiye musu ƙwallon giginya da ƙuli-ƙuli. Ka gaida Malam Cha'ibu mai masaukinka na dā da duk ƴan Gaya da ke zama a rumfarsa, amma kada ka karanta musu wannan. Ajuma tana gaishe ku. Aisata ba ta san komai ba, na hana a gaya mata saboda cikinta. Innarka ba ta san na rubuto ba, da ta sani da ta ce a gaida mutanen Yamai.

Tun da hantsi ake zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi, kuma gabas ta fara canza launi. Ina roƙon Allah in zai sauko ya sauko yanzu da sauran rana, in samu in je in zauna. In ya jira har bayan isha'i ba ni da abin yi. Ka yi sauri, Yakuba.

Wassalam. Ni ne babanka ƙarami,
Alassan Dodo